Damar Wa?

Gwaggo mota ce, ba mutum ba. Tsohuwar motar Baba ce mai dogayen ƙafafu, irin wadda ake shiga daji da ita. Da can fara ce, yanzu ta koma kalar shayin da madara ta yi wa yawa. Tun da idanun Baba suka fara hazo ya ajiye ta a gareji, tsakanin mataccen firji da kwalayen littattafanmu na firamare, ya rataye makullin a ƙusa. Ni ce nake tayar da ita duk ƙarshen mako don kada batir ya kwanta. Ba wanda ya sa ni. Ina son zama a cikinta ne kawai, ƙofa a rufe, inda ba mai ce mini, "Ke, yi magana mana." Daga baya na fara zagaya unguwa da ita. Daga nan na koma filin da ake kwasar yashi a bayan gari, ina hawa tudu ina sauka ni kaɗai.

Yaya kuwa shi ne jagoran masu shiga daji. Shi da abokansa sukan ɗauki motocinsu a ƙarshen mako su nufi inda kwalta ta ƙare, su dawo da laka har a kunne. Na taɓa bin su, a kujerar baya, kular ruwa a cinyata. Da aka shirya tafiya wani kwari mai nisa da kogi ya ratsa, kayan suka yi wa motoci biyu yawa, sai Yaya ya tuna da Gwaggo.

Muna falo ya yi wa Baba maganar, hannunsa tuni a miƙe. Baba ya sa aka ɗauko makullin, ya juya shi a tafinsa, ya wuce hannun Yaya kamar bai gani ba. Wataƙila ma bai gani ɗin ba. Ya sa mini shi a hannu.

"Auta ce ta san tarinta," in ji shi. "Ku je da ita, ku dawo da ita."

Muka fita gareji ni da Yaya. Ya bugi taya da ƙafa ya ce, "Kin dai ji. Kika yi mata tabo ɗaya, makullin nan ya dawo hannuna, kuma ni zan gaya wa Baba da bakina."

Na ce to. Abin da nakan ce ke nan.

Mu biyar muka tafi. Yaya da Dogo, amininsa wanda bai cika magana ba, suna gaba. Lauya yana tsakiya shi kaɗai, don ba mai iya zama da surutunsa tun safe har rana. Ni da ƙawata Likita muna baya a cikin Gwaggo, da tantuna da igiyar ja da risho. Tun a jami'a muke tare da Likita. Haƙora take cirewa, kuma bakin kowa take fara kallo kafin fuskarsa.

Kafin rana ta take mun bar kwalta, mun bar jar hanya, mun koma bin sawun tayar da ciyawa ta kusa cinyewa. Kwarin ya buɗe a ƙasanmu, kogin yana ƙyalli a tsakiya kamar an ja zare. Gwaggo tana ta abin da ta iya: tana nishi, tana girgiza, tana hawa. Cokulan da ke cikin kwali suna ta ƙara a baya. Likita ta riƙe ƙarfen da ke saman ƙofa da hannu biyu tana cewa, "Ke ashe haka kike? A gida kamar ba ki iya kashe sauro ba."

A wani kwazazzabo aka tsaya. Busasshe ne, amma fitarsa tudu ne mai tsayi, ga duwatsu, ga wani rami da ruwa ya ci a gefe. Irin wannan wuri ba a hawa sai da mai nuna hanya, wanda zai tsaya a sama yana fuskantar mota yana faɗa wa direba inda zai sa taya. Aikin Yaya ne tun da aka fara tafiye-tafiyen nan. Ya ce Gwaggo ta fara, tun da ita ce mai nauyi, in ta maƙale a samu masu turawa.

Na sa ƙaramar giya na fara hawa. Da hancin Gwaggo ya ɗaga, komai ya ɓace. Bonet ɗinta dogo ne, ni kuma ba doguwa ba ce. Sama kawai nake gani, da ƙolin hular Yaya yana leƙowa yana ɓuya. Muryarsa ce kaɗai ta rage mini.

"Taho! Taho a hankali! Dama! Dama, Auta!"

Na murza sitiyari dama.

"Dama na ce! Dama!"

Na ƙara murzawa.

Tayar gaba ta zame cikin ramin. Gwaggo ta karkace, ta jingina da dutse da wata ƙara da na ji ta har cikin haƙorana. Injin ya mutu. Na ji gilashin fitila yana zuba a ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ya ji ciwo, shi ya sa aka samu bakin dariya. Lauya ne ya fara isowa, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ɗago yana riƙe da ciki.

"Ƙanwarmu, digiri har da hula da riga, amma ba a koyar da dama da hagu a can? Wanda kike cin abinci da shi, shi ne dama!"

"Haƙori ɗaya ne ya fita," in ji Likita tana duba fitilar. "Ana sa wani."

Yaya bai yi dariya ba. Ya shafa inda ƙarfen ya lotsa, ya dube ni ta taga. "Ina ta ihu dama, dama, ke kina ta zurma ta cikin rami. Kunnenki ne ko kanki?"

Na buɗe baki in ce damar na yi. Duk su huɗun suna kallona. Na rufe bakin.

"Ba ni makullin," in ji Yaya.

Na zare shi, na sa shi a aljihun rigata, na ja zif. Ban san lokacin da na yi ba. Yaya ya kalli aljihun, ya kalle ni.

"To. Riƙe shi ki kwana da shi. Gobe a bakin kogi Dogo zai karɓa. Ba zan bari ki nutsar da motar Baba ba."

Aka ɗaura igiya aka fito da Gwaggo, aka haura da ita. Na koma gefe na zauna a kan wani faffaɗan dutse, inda ba wanda zai yi mini magana. Daga nan ina ganin Yaya a sama, ina ganin tayoyin mota a ƙasa.

Lauya ya taho. Yaya ya ɗaga hannun damansa yana kaɗawa. "Dama! Dama!" Tayoyin Lauya suka juya hagu. Ya wuce ramin lafiya lau.

Na gyara zama.

Dogo ya taho da motar Yaya. "Dama, Dogo, dama!" Dogo ya murza hagu. Ya haye. Yaya ya daki bonet ya ce, "Kun gani? Mutum in yana jin magana."

Na jawo hannun Likita na raɗa mata. Ta dubi tudun, ta ɗaga hannayenta biyu tana juya jiki kamar mai gwada riga, sai ta zaro ido. "Kai! Damarsa yake faɗa! Shi yana kallonmu ne, damarsa hagunki ce. Tashi ki gaya musu!"

"Bari tukuna."

"Bari me? In ba za ki faɗa ba ni zan faɗa."

"Kika faɗa, ba ni ba ke." Ni ma na yi mamakin yadda ta fito. Ta tsura wa bakina ido.

Muka kafa tantuna a kan wani tudu da ke kallon kogin, rana tana shirin faɗuwa. Aka dafa shayi. Lauya yana ta maimaita labarin, kowane zagaye ramin yana ƙara zurfi. Na jira ya kai kofi baki, na ce, "Yaya, ɗazu da ka ce..."

Muryata ba ta kai ko'ina ba. Likita ta daki murfin tukunya da cokali. "Ku ba ta dama ta yi magana mana!"

Lauya ya kusa ƙwarewa. "Dama kuma? Wace damar? Wadda aka ba ta ɗazu ta kai cikin rami? A'a, Likita, a ba ta hagu a gani!"

Har Dogo sai da ya murmusa. Na ajiye kofina, na sauka wurin Gwaggo. Na tsince sauran gilashin daga ramin fitilar, na duba mai, na duba ruwa, na leƙa ƙarƙashinta ko wani abu na ɗiga. Ba abin da ke ɗiga. Na sa hannu a kan lotsewar na daɗe a tsaye. Ba kuka nake ji ba. Wani abu ne mai zafi kuma mai tsabta, wanda ban saba da shi ba.

Da safe aka naɗe kaya aka gangara mashigin. Kogin ba shi da faɗi sosai, amma ba a ganin ƙasansa. Yaya ya naɗe wando ya shiga da sanda ya auna, ya dawo ya yi bayani: akwai tudun tsakuwa a ƙarƙashin ruwan, ya lanƙwasa kamar lauje. Kan tudun ruwa iya gwiwa ne. Gefe ɗaya yashi ne mai haɗiye taya, ɗaya gefen kuma gurbi ne da ya shanye sandar duka. Ba wata hanyar fita daga kwarin sai nan, in ba a koma ta kwazazzabon jiya ba.

Yana cikin bayani na shiga Gwaggo, na tayar da ita, na danna makullin ƙofa. Likita ta zagayo da gudu, na buɗe mata, ta faɗo ciki ta rufe. Na matso da motar har tayoyin gaba suka taɓa ruwa.

Yaya ya zo taga, hannu a miƙe, kamar ranar nan a falo. "Sauko. Dogo, zo ka karɓa."

"Yaya, jiya da ka ce dama, damar wa kake nufi?"

"Me?"

"Damar wa? Taka ko tawa?"

"Dama ai dama ce. Sauko, rana na yi."

Na matse sitiyari. Na ɗaga murya har ta yi mini baƙo a kunne. "Lauya! Jiya da ya ce maka dama, ina ka juya?"

Lauya ya taho yana murmushi, ya shirya wata sabuwar tsokana. "Dama mana, ƙanwarmu, inda masu..." Ya tsaya. Ya ɗaga hannayensa kamar yana riƙe da sitiyari, ya murza a iska. Ya dubi hannayen. Ya sake murzawa. "Kai. Tsaya. Hagu na yi."

"Hagu na yi ni ma," in ji Dogo. Ita ce doguwar maganarsa ta farko tun da muka baro gida.

"To me ya sa?" Yaya ya juya kansu. "Ina cewa dama kuna yin hagu?"

"Ranka ya daɗe, ai hannunka muke kallo," in ji Lauya. "Wa ke sauraronka? Kai da kake ihu tun daga ƙasan tudu har sama? Ni rediyo ma nake kunnawa."

Likita ta kifa kai a kan gwiwa tana dariya ba sauti.

"Ni ban ga hannunka ba," na ce. "Bonet ya rufe ka. Muryarka kawai na ji, na bi ta. Duk cikinmu ni kaɗai ce ke jin maganarka, Yaya. Shi ya sa na faɗa rami."

Ba wanda ya yi dariya a wannan. Ruwa yana ta bugun tayoyin. Jijiyar gefen wuyan Yaya ta tashi, irin yadda takan yi tun muna yara in aka ci shi a wasa.

"Ko ma mene ne, ke kika fasa fitila," in ji shi. "Kuma kogi ba tudu ba ne. In kin ga dama ki kira shi laifina, amma ba za ki shiga ruwan nan da motar Baba ba."

"Ni Baba ya ba."

"Auta."

"Zan shiga. In za ka nuna mini hanya, ka juya ka ba ni baya. Ka shiga gaba ina bin ka. Damarka ta zama damata, shi ke nan."

"In ba ki baya? Mota na bayana, ke a ciki? Ki bi ta kaina?"

"To matsa in wuce ni kaɗai."

"Wallahi ba ki isa ba."

Na sa ƙaramar giya. Na ɗaga ƙafa daga kuloci a hankali, yadda na koya a filin yashi. Gwaggo ta yi tari ɗaya ta gangara. Ruwa ya hau rabin taya. Yaya ya bi taga yana tafiya a gicciye, yana dukan ƙofa da tafin hannu. "Tsaya! Ke, ba ki san inda gurbin yake ba!"

"Kai ka sani," na ce. Ban tsaya ba.

Ya dube ni, na dube shi. Ban taɓa riƙe idonsa haka ba. Sai ya yi wani dogon tsaki, ya ruga ya sha gabana, ruwa na fallatsa. Ya tsaya yana fuskantata, ya ɗaga hannu kamar kullum. Na danna hon, na bar hannuna a kai. Tsuntsaye suka tashi daga ɗaya gaɓar.

Ya sauke hannun. Ya juya.

Ban taɓa lura ba cewa ƙeyarsa irin ta Baba ce. Rigarsa ta jiƙe ta manne a bayansa, kafaɗunsa a ɗage kamar mai jiran duka. Ya fara tafiya, sandar tana gaba tana laluben tsakuwa. Na bi shi. Ruwa ya kai ƙasan ƙofa, yana turo mu ta gefe, sitiyari yana so ya ƙwace. Salansar motar tana ɓulɓula cikin ruwa a baya. Likita ta daina dariya, ta ɗaga ƙafafunta kan kujera.

"Hagu kaɗan!" Bai waiwayo ba.

Na yi hagu kaɗan.

"Miƙe! Kada ki ɗaga ƙafa!"

A tsakiyar kogin, inda tudun ya lanƙwasa, tayar baya ta zame. Na ji gindin motar yana nitsewa a yashi. Yaya ya ji sauyin kukan injin, kansa ya fara juyowa.

"Kar ka waiwayo!" Ni ce na yi ihun. "Faɗa mini kawai!"

Ya tsaya cak, fuskarsa a gaba. "Dama! Dama sosai!"

Na murza dama har sitiyari ya ƙare, na ba ta wuta daidai, ba da yawa ba. Gwaggo ta yi gurnani, ta tono tsakuwa, ta kama. Hancinta ya zo dab da bayansa, har ruwan da take turawa ya daki cinyoyinsa. Bai yi gudu ba, bai kuma waiwayo ba. Haka muka fita, shi a gaba, mu a baya, ruwa na zuba daga kowace kafa ta motar.

A can gaɓar da muka baro Lauya yana tsalle yana kaɗa hula. "Ranka ya daɗe! Ni ma bayan nake so! Ashe ta baya ka fi kyau!"

Yaya ya zo ya tsaya a gefen tagata yana numfashi. Ya dubi makullin da ke jikin mota, ya matse ƙafar wandonsa, ya koma cikin ruwa ya shigo da sauran. Su ma baya ya ba su.

Da yamma muka iso gida. Baba ya ji tarinta tun daga kan kwana, muka same shi a bakin gareji yana dafe da ƙofa. Na shigar da ita na kashe. Ya tako ya tsaya a gabanta yana shaƙar warin laka.

"Baba, an samu ɗan tsautsayi," in ji Yaya. "Fitila ce ta fashe. Ta dama."

Baba ya miƙa hannun damansa ya shafa. Gilashi sumul. "Ai lafiyarta ƙalau."

Likita ta juya ta fita waje da sauri. Na kama ɗaya hannun Baba na kai shi kan ramin fitilar, na bi da shi kan lotsewar. Ya daɗe yana shafawa da yatsunsa.

"Wa ke tuƙi?"

"Ni ce, Baba."

"Wa ke nuna hanya?"

Yaya ya dubi mataccen firjin. "Ni ne."

"Wa ya ƙetare da ita kogin? Na ji ruwa a cikin ƙofarta."

"Ita ce," in ji Yaya.

Baba ya buga bonet sau biyu da tafinsa, yadda yakan yi da can in ya dawo daga tafiya. "To ki kai ta a sa mata wata. Ki ce su duba birki, ruwa na ɓata shi."

Ya juya ya shige gida yana laluben bango. Yaya ya fara sauke tantuna. Na dubi ƙusar da makullin ya saba rataya, na sa shi a aljihu, na ja zif, na je na kama masa ɗaya bakin igiyar.